Babi na Shida: Jiya Tana Aiki, Yau Ta Ƙi

Duk wanda ya fara rubuta manhaja, ko wata uku kawai ya yi yana koyo, ya taɓa dafe kai ya yi wannan tambaya: jiya da dare abin nan yana tafiya lafiya lau, ban taɓa ko harafi ɗaya ba, to me ya same shi yau? Wani lokaci tambayar takan zo da wata siga. A kwamfutata tana aiki, a ta mai shago ta ƙi. Ko kuma ta yi wa mutum ɗari rajista, ta zo kan na ɗari da ɗaya ta cije. Idan aka kwana biyu ana fama ba a gano bakin zaren ba, sai ka ji ana cewa kwamfutar ce ta tsufa, ko bairos ne ya shige ta, wani ma ya rage murya ya ce abin nan ba na lafiya ba ne.

Kwamfuta ba ta fushi, ba ta gajiya da mutum. Umarnin da aka rubuta mata take bi, a kan bayanin da aka ba ta. In sakamako ya sauya, to wani abu ya sauya: ko bayanin da ya shiga, ko agogo, ko sabis, ko wata manhaja da taka ta jingina da ita. Idan matsala ta gagari bayani, cikin abubuwan da ka yarda da su ɗari bisa ɗari akwai ɗaya da ba haka yake ba. Aikin da ke gabanka shi ne gano wanne ne.

Yarinyar da manhaja ta ƙi karɓa

Mu ɗauki misali daga gida. A ce wani matashi ɗan Safana ya karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya dawo gari, ya rubuta wa wata makarantar Islamiyya manhajar rajistar ɗalibai. Ya gwada ta da sunansa, da na ƙannensa, da Musa da Aisha da Bello. Komai ya shiga. Sati bai zagayo ba malamin da ke rajista ya kira shi: manhajar tana karɓar wasu yara, tana ƙin wasu. Ya ɗauki mashin ya je, ya shigar da suna biyar a gaban malam, duk suka shiga. Ya koma gida. Washegari aka sake kira.

A nan ne mutane da yawa ke fara ɓata lokaci. Za a sake girka manhajar, a goge kwamfutar, a sayo sabon kibod. Abin da ya kamata matashin nan ya nema tun farko takarda ce da biro, ya ce: "Malam, don Allah a rubuta mini sunan duk yaron da ta ƙi." In jerin ya zo hannunsa zai ga Sa'adatu, Mu'azu, Rabi'u, Shu'aibu, da wani yaro da aka rubuta garinsu 'Yantumaki. Ko wanda bai san kod ba zai ga abin da ya haɗa su: ɗan waƙafin nan na sama, wanda a yawancinsu ke tsaye a matsayin hamza ko ainu.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Rumbun bayanai irin su MySQL suna karɓar umarni da harshen SQL, kuma a harshen nan ana kewaye rubutu da wannan alama ɗin dai, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. Idan mai kod ya manna sunan yaro kai tsaye cikin umarnin, Musa zai fita kamar haka: 'Musa'. Lafiya lau. Sa'adatu kuwa za ta fita 'Sa'adatu'. Rumbun zai karanta 'Sa' ya ɗauka suna ya ƙare ke nan, sannan ya ci karo da adatu, ya nemi fassara shi a matsayin umarni, ya kasa, ya watsar da aikin gaba ɗaya. Littafin da matashin ya koyi kod a ciki da sunaye irin su John da Mary ya yi misali, shi ya sa bai taɓa cin karo da abin ba. Mu kuwa jami'ar jiharmu ma sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa take ɗauke da shi, alamar har biyu a suna ɗaya.

Akwai gyara na gaggawa da nake roƙon kada a yi, wato a ce wa malam ya riƙa cire alamar, ya rubuta Saadatu ko Muazu. Yaran za su shiga, amma an sauya wa yarinya suna don a rufa wa kod asiri. Shekaru kaɗan nan gaba za ta je rajistar JAMB, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da lambar NIN, a tarar da suna iri biyu a takardunta, iyayenta su shiga zirga-zirgar Katsina da neman takardar rantsuwa a kotu. Gyaran gaskiya shi ne a bar gurbi a cikin umarnin, a miƙa wa rumbun sunan daban, yadda zai san wannan bayani ne zalla. Duk manyan harsunan kod suna da hanyar yin haka. Kuma ƙofar da sunan Sa'adatu ya bankaɗo ita ce dai ƙofar da masu kutse ke bi su cusa nasu umarnin su kwashe bayanan mutane, don haka wanda ya gyara ta ya toshe ɓaraka biyu.

Alamar tana da wani tarkon. Madaidaiciya da kibod ɗin kwamfuta ke bugawa daban take da lanƙwasasshiya wadda Microsoft Word da wasu wayoyi ke sakawa da kansu. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta lambobinsu daban. Sai a shigar da Rabi'u daga waya, a neme shi daga kwamfuta, manhaja ta ce babu shi, alhali ga shi a jeri kana kallonsa. Haka ma haruffanmu masu ƙugiya. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu yake ci. Idan wani ɓangare na manhajar ya karanta da tsohon tsarin Windows na harsunan Yammacin Turai, inda kowane bayit harafi guda ne, sai ƙ ya rikiɗe ya koma Æ™, ɗ ya koma É—. Duk ranar da ka ga irin waɗannan a takardar sakamako, kada ka nemi bairos. Wuri biyu ne a manhajarka ba su yi yarjejeniya kan tsarin haruffa ba.

Abin da ka gani da abin da ka ɗauka

Wani ma'aikacin kwamfuta a Amurka mai suna Trey Harris ya ba da labari a 2002 na abin da ya same shi a wata jami'a a shekarun 1990. Shugaban sashen ƙididdiga ya kira shi ya ce ba sa iya aika imel zuwa inda ya wuce mil 500, wato kimanin kilomita 800. Duk wanda ya san yadda imel ke tafiya zai ce wannan magana ba ta da kai, domin imel bai san nisa ba. Harris ya gwada da kansa, ya tarar haka ne: garuruwan kusa saƙo na isa, na nesa ba ya isa.

Da ya bi diddigi sai ya gano cewa wani da aka ɗauko ya sabunta sabar ya maye gurbin manhajar aika imel, Sendmail, da tsohon samfuri ba tare da an lura ba. Tsohon samfurin bai gane wasu saituttukan ba, sai lokacin jiran amsa ya koma sifili. A aikace injin yakan jira kamar kashi 3 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya katse. Tafiyar da haske ke yi a wannan ɗan lokaci mil 558 ce. Duk sabar da ta fi haka nisa, amsarta ba ta dawowa kafin a yanke.

Abin da ya kuɓutar da Harris shi ne ya yarda da abin da ya gani, ya ajiye abin da ya sani. Ya ɗauka Sendmail ɗin da ya girka ne ke aiki, kuma wannan ɗaukar ce ba daidai ba. Don haka idan ka maƙale, raba takarda gida biyu. A dama rubuta abin da ka gani da idonka yau. A hagu rubuta abin da kake ganin ai dole haka yake: fayil ɗin da nake gyarawa shi ne wanda ke gudana, rumbun da nake dubawa shi ne wanda manhajar ke rubutawa a ciki, lambar wayar da ta shiga lamba 11 ce. Sai ka bi na hagu ɗaya bayan ɗaya kana tabbatarwa. Na ƙarshen nan ma kada a raina shi. Excel yakan ɗauki lambar waya a matsayin adadi ya yar da sifilin farko, lamba 11 ta koma 10. In kuma an rubuta ta da 234 a gaba, ya nuna wani abu kamar 2.34803E+12, kuma in aka adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, sauran lambobin sun tafi ke nan. Manhajarka za ta yi ta tura saƙon tes ba ya isa, kai kuma kana ta tonon kod ɗin da ba shi da laifi.

Sa ta ta sake faruwa

Matsalar da ba ka iya tayar da ita da hannunka ba, ba ka da hanyar sanin ko ka gyara ta. Wataƙila dai ta lafa ne. Shi ya sa mataki mafi tsada, wanda kuma ya fi cin haƙuri, shi ne gano matakan da in an bi su dole ta bayyana.

Tsakanin 1985 da 1987 wata na'urar gashin cutar daji mai suna Therac-25 ta zuba wa marasa lafiya shida, a Amurka da Kanada, haske fiye da ƙima, wasunsu suka rasu. Kamfanin da ya ƙera ta ya gwada ya ce bai ga matsala ba. A wani asibiti da ke garin Tyler na jihar Texas, a 1986, masanin fiziks na asibitin ya zauna da ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar, suka yi ta maimaita abin da ta yi ranar da abin ya faru. Sai suka gano cewa matsalar tana fitowa ne idan aka yi kuskuren bugawa aka gyara shi da sauri, cikin kimanin daƙiƙa 8, kafin wani sashe na manhajar ya gama nasa aikin. Injiniyoyin da ke gwaji a hankali suke bugawa. Ma'aikaciyar da hannunta ya saba ce kawai ke da saurin da zai tayar da ita.

Darasin yana da amfani ƙwarai a yankinmu, domin yanayin da kake gwaji a ciki ba shi ne yanayin mai amfani ba. Kai kana zaune a Katsina ko Kano da sabis cike. Shi yana Runka ko Zakka ko wani ƙauye a bakin dajin Rugu, sanda ɗaya ce a wayarsa, tana zuwa tana ɗaukewa. Ya danna "aika", saƙo ya isa saba, saba ta rubuta, amma amsar ta ɓace a hanya. Wayar ta ce ba a yi nasara ba. Ya sake dannawa. Yanzu buhun taki ɗaya ya zama biyu a lissafi, kuma ba za ka taɓa ganin haka a ofishinka ba sai ka rage ƙarfin intanet da gangan, ko ka kashe data a tsakiyar aikawa. Maganinsa sananne ne: waya ta ba kowane ciniki lamba tasa ta musamman tun kafin ta aika, saba kuma in ta ga lambar da ta riga ta karɓa ta ce na gani, kada ta sake rubutawa.

A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Safana da Batsari, aka shafe watanni a haka. Mai rubuta wa mutanen nan manhaja ba shi da uzurin ɗauka cewa sabis abu ne da ke nan kullum. Akwai ma wani abu da rashin sabis ke jawowa wanda ba a cika tunawa ba. Wayoyi daga sabis suke saita agogonsu. Ƙaramar waya da batirinta ya mutu murus ko aka cire shi tana iya farkawa da kwanan wata na shekarun baya. Duk abin da aka shigar a ranar zai ɗauki wannan kwanan, kuma shafukan intanet masu tsaro za su ƙi buɗewa, domin takardar shaidarsu tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, wayar kuma tana ganin ranar farawar ba ta zo ba. Kafin ka buɗe kod, ka ce a turo maka hoton fuskar wayar, ka dubi agogon da ke sama.

Raba biyu, ka sake rabawa

Mai gyaran famfo da aka kira saboda ruwa ba ya isa gida ba ya tone bututu tun daga tanki har ƙofa. Yakan buɗe mahaɗa a tsakiya. In akwai ruwa a nan, toshewar tana gaba. In babu, tana baya. Rabin aikin ya tafi da buɗewa ɗaya, sai ya sake raba abin da ya rage.

Haka ake yi wa kod. Sa manhajar ta buga abin da take riƙe da shi a tsakiyar hanya: sunan yana daidai lokacin da ya bar waya? Yana daidai da ya isa saba? Yana daidai a rumbu? In fayil mai layi 2000 ne ke kashe manhajar, ba ta layi 1000 na farko. In kuma watan jiya tana aiki yau ba ta yi, kuma kana adana tarihin aikinka da Git, akwai umarnin git bisect da aka yi don wannan: ka nuna masa sigar da ke aiki da wadda ba ta yi, ya riƙa kai ka tsakiya yana tambaya. Sauyi 1000 gwaji 10 kacal suke bukata, tunda kowane gwaji yana zubar da rabi.

Sharaɗin dai shi ne abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, kuma a rubuta abin da aka sauya da abin da ya biyo baya. Wanda ya taɓa wuri huɗu matsala ta ɓace bai san wanne ya yi magani ba, kuma mai yiwuwa sauran ukun sun dasa wata sabuwa. Idan kuma dare ya yi nisa kana karanta layi ɗaya sau goma, tashi ka kwanta. Da safe ka samu wani, ko da ƙanenka ne da bai san kod ba, ka bayyana masa abin da kowane layi ke yi da babbar murya. Sau da yawa a tsakiyar bayanin bakinka zai faɗi abin da kod ɗin bai ce ba.

Agogo da kwabo

Wurare biyu sun cancanci a fara leƙa su idan lissafi ya ƙi daidaita. Na farko lokaci. Najeriya da Nijar suna gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya, sabobi da yawa kuma da UTC suke aiki. Cinikin da aka yi ƙarfe 12:30 na dare, kamar yadda ake yi a goman ƙarshe na azumi, saba za ta rubuta shi 11:30 na daren jiya. Mai shago zai ga kuɗin aljihun tebur bai yi daidai da rahoton ranar ba, sannan a sauran watanni abin ya ɓace tunda ba a kaiwa wannan lokaci a buɗe.

Na biyu adadi mai ɗigo. Rubuta 0.1 + 0.2 a Python ko JavaScript, za ka ga 0.30000000000000004. Kwamfuta da tsarin sifili da ɗaya take lissafi, kuma kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa a wannan tsari, sai an datse shi. Ɗan guntun da ake datsewa yana taruwa. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, a Zahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Agogonta da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa yake ƙirga, ta yi kusan awa 100 a kunne, kuskuren ya taru ya kai daƙiƙa 0.34, wanda ya ishi makamin ya yi tafiyar fiye da rabin kilomita. Shi ya sa masu manhajar kuɗi ke adana Naira a matsayin kwabo, cikakken adadi ba ɗigo, sai wajen nunawa a raba da 100.

Kafin a ce yaron shago ne

Wannan sashe ya fi sauran nauyi a wurina. Idan lissafi ya nuna giɓi, kuma mai manhaja ya ce kod ɗinsa ba shi da matsala, ido kan wanda ke zaune a gaban na'ura yake komawa: yaron shago, mai POS, akawun makaranta, ma'ajin ƙungiyar manoma. A gari irin Safana, inda kowa ya san gidan kowa, zargin sata ba ya tsayawa a shago. Yana bin mutum masallaci, yana bin sa wurin neman aure.

An ga ƙarshen irin wannan a Birtaniya. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a rassa. Masu kula da rassan suka yi ta cewa ba su taɓa ko sisi ba, aka ce musu kwamfuta ba ta kuskure. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900, wasu aka ɗaure su, wasu suka sayar da gidajensu suka biya kuɗin da ba su ci ba, wasu suka mutu kafin a wanke su. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar cewa manhajar tana da kurakuran da ke iya haifar da giɓin, a 2024 kuma majalisa ta yi dokar soke hukuncin.

Saboda haka idan mai shago ya kira ka ya ce kuɗi sun yi ƙasa, ya tambaye ka ko daga manhaja ne, kada kunya ko tsoron rasa kwastoma su sa ka ce a'a nan take. Faɗa masa gaskiya: "Alhaji, a ba ni kwana biyu in bincika, kada a yi wa kowa magana tukuna." Sannan ka duba ciniki mai shiga sau biyu, ka duba na tsakar dare, ka duba ɗigo. In bayan haka kod ɗin ya fita tsaf, ka kawo hujjarka a rubuce, layi bayan layi.

Hujjar nan kuwa ba ta samuwa sai in tun farko manhajar tana rubuta abin da take yi: wa ya danna me, ƙarfe nawa, daga wace waya, me saba ta amsa. A babi na gaba za mu ga yadda ake gina wannan kundi, abin da ya kamata ya shiga cikinsa da abin da bai halatta ya shiga ba, kamar lambar sirri da BVN na mutane, da kuma yadda ake mayar da kowace matsala da aka kama ta zama gwaji mai gudana da kansa, ta yadda sunan Sa'adatu zai riƙa shiga manhajar kafin kowace sabuwar siga ta bar hannunka.